Keken Kwance

Babura bakwai ne a zaurena,
babu mai zuwa ko'ina a cikinsu.
Roba-robar Baba ce a gaba,
janta ya koɗe kamar tsohuwar dara.
Igiyar da yake ɗaure buhun gero
na nan a kariya, ban kwance ƙullinsa ba.

Mobilet ɗin malamin gona na biye.
A Gujungu na tsince shi, cikin gwangwan,
na ba da tunkiya da 'yan canji,
na turo shi gida, rana na dukan ƙeyata.
Ga Besfar Ladan mai allura,
fitilarta ta yi hakiya.
Ga Suzuki biyu, ɗaya ya ba ɗaya hanjinsa.
Ga Yamaha ba sirdi.
Na bakwai ko sunansa tsatsa ta cinye,
muna ce masa Baƙo.

Tabawa na shanya kuɓewa a kansu.
Ta ce gara su ci abincinsu da wani aiki.

Shekara talatin ina buga ƙugu
a ramukan da ke tsakanin Majiya da Taura,
har ranar da likita ya ɗaga hoton bayana
ga hasken taga, ya yi shiru,
ya ce, Malam, sirdi ya ishe ka.

Na kai wa Gwadabe mai walda
matattun kekuna biyu
da kujerar aji mai karyayyar ƙafa,
na zana masa abin a ƙasa da tsinke.
Ya duba, ya sake dubawa,
ya ce, gado kake so ko keke?
Sarƙa uku ya haɗa kafin ta kai.

Yanzu kullum da hantsi nakan kishingiɗa,
ƙafafu a gaba, kamar mai jin labari,
in tafi makaranta.
Na soke tsumma ruwan ɗorawa a kan gora
don direban tirela ya san da mutum a ƙasa.
Yara na bi na da gudu:
ga mai barci a tafe! ga makara da taya!
Raƙumin masu kanwa ya leƙo ni daga sama
kamar wanda ya bi ni bashi.
Wani dattijo a Kwanar ya yi mini sannu da jiki,
na amsa, don ban ga amfanin musu ba.

Amma ku ji abin da ban faɗa wa kowa ba.
Duk shekarun nan kwalta na sani,
rami, ƙusa, kashin shanu.
Sai da na kwanta na ga
ashe kukar bakin gada tana da rassa goma sha ɗaya,
ashe ana iya ganin shamuwa
kwana biyu kafin masu shuka su ji labari.
Hadari yakan taso daga gabas,
in kalle shi ido da ido, ba ta gefen hula ba.

Ran Juma'a bayan an sauko
nakan ba kowannensu fetur cikin murfin kwalba.
Huɗu kan tashi. Uku sai tari.
In roba-robar ta kama, nakan rufe ido,
in ji Baba ya shawo kwanar masallaci,
da tsire a takarda cikin aljihun gaba,
kafin man ya ƙare.
Minti ɗaya ne, wani lokacin bai kai ba.

Wani ya zo daga Kano da mota,
ya taya su duka, kuɗin sa biyu.
Na ba shi ruwa a randa, na raka shi.

Jikata Talatu ta ce, Kaka,
in ka mutu wa zai hau su?
Na ce, je ki kwashe kuɓewar nan, yayyafi ya fara.

Gobe Asabar, zan shafa wa sarƙa mai.